Gudumar Baffa Sule

Kun ce in faɗi wani abu a kan Baffa Sule, tunda ni kaɗai na rage a gidan nan. Ni ba mai yawan magana ba ce, kun sani. Amma yau kwanansa arba'in a ƙasa, in ban faɗa ba babu mai faɗa.

Gudumarsa za ku fara tunawa, ni ma ita. Doguwar gudumar nan mai ƙota baƙa wuluk saboda gumin hannu. Baffa bai taɓa yarda da wani abu a duniya ba sai ya ƙwanƙwasa shi ya kasa kunne. Kujera, ƙyaure, sabuwar tukunya, gadon amarya, duk sai sun sha guduma. Ranar da matarsa Gwaggo Asabe ta rasu, an fito da ita soro, maza sun sunkuya za su ɗauka, sai ya ce a dakata. Muna leƙe daga cikin gida. Ya zagaya makarar nan yana bugun ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, ƙwas, ƙwas, yana kara kunne.

Liman ya ce, "Malam Sule, lafiya?"

Ya ce, "Wannan ta hagun tana rawa. Shekara arba'in ban kayar da matar nan ba, ba za ku kayar min da ita a hanyar kushewa ba."

Wallahi sai da aka nemo ƙusa. Muna kuka muna toshe baki da mayafi.

Aikinsa ke nan tun yana saurayi. Mai duba layin dogo ne. An ba shi wani ɗan reshe da ya taso daga inda ake dalar gyaɗa da wurin lodin shanu, ya je ya haɗu da babban layi kusa da tasha. In ya idar da asuba sai ya sa kaki, ya saɓa guduma, ya fita ta Ƙofar Nassarawa, ya bi reshen nan da ƙafa yana bugun ƙarfe. In ƙarfe ya amsa da murya ɗaya, lafiya. In ya amsa da murya biyu, noti ya kwance, sai ya durƙusa ya ɗaure. Shi ya sa ko ka ce masa ina kwana, amsa ɗaya ce: "Layi lafiya." Ina gajiya? Layi lafiya. Yaya haƙuri? Layi lafiya. Mutane suka ɗauka wasa ne. Ni na san inda maganar ta samo asali, don ni na jawo ta.

Layin nan shi ya kawo mu garin nan. Kakanmu ba Bakano ba ne, daga wani ƙauye a ƙasar Zazzau aka kwaso su lokacin ɗiban gwamna, aikin tilas na shimfiɗa layin dogo, yana saurayi. Kwandon ƙasa ya yi ta ɗauka a ka, layi na gaba yana bin sa, har layi ya iso Kano. Da aka sallame su ya ce ba ya komawa, gashin tsakiyar kansa ya riga ya ƙare a hanya, bari ya zauna ya ga abin da ya gina. Ya haifi maza biyu, Sule da ƙaninsa Ado. Ado shi ne ubana.

Baffa yana ji da wannan tarihi kamar gadon sarauta. Cewa yake, "Da can Bakano in zai je bakin teku, sai ya yi wasiyya. Ubanmu ne ya ɗinke ƙasar nan da kwando." Sai ya jero tashoshi kamar mai tilawa: Challawa, Madobi, Dangora, Zariya, Kaduna, Minna, Zungeru, Jebba, Ilori, Badun, Ikko. Ya san inda jirgi ke shan ruwa, ya san inda ake sayar da doya mai arha, ya san inda mata ke miƙo lemo ta taga.

Wata rana wani baƙo ya ce, "Kai Baba, ka sha yawo! Wanne gari ya fi maka daɗi?"

Ya ce, "Ni? Ban taɓa hawa jirgi ba."

"Ko sau ɗaya?"

"In na hau, uban wa zai duba layin?"

Haka ya mutu, bai taɓa sa ƙafa a tarago ba.

Ubana ne ya hau. Uwata ta rasu wurin haihuwa, jaririn ma bai kwana ba. Ubana ya zauna ba aiki, ba magana. Baffa ya je ya roƙa masa aikin rakiyar shanu zuwa Kudu, wai ko iskar hanya ta wanke masa zuciya. Ina shekara shida. Baffa ya goya ni a wuya muka raka shi. Na tuna warin kashin shanu, na tuna hular ubana mai ruwan toka wadda tartsatsin jirgi ya ƙona mata gefe. Ya ce zai kawo min kwakwa da ɗankunne. Jirgi ya yi kuka ya ja. Ganina da shi ke nan.

Sati ya wuce, wata ya wuce. Na ce, "Baffa, yaushe Baba zai dawo?"

Sunan uwarsu aka sa min, don haka Innata yake kirana. Ya ce, "Innata, jirgi ba ya ɓatan hanya. Ta inda ya tafi ta nan zai dawo. In dai layi lafiya, zai dawo miki da shi."

Shi ke nan na samu abin yi. Kullum da hantsi Gwaggo ta zuba koko a kwano, in kai masa ƙarshen reshen, in ce, "Baffa, layi fa?" Ya ce, "Layi lafiya." In dawo gida in ci gaba da jira. Abin da muka rayu a kai ke nan, ni da shi: layin nan ya zauna lafiya don Ado ya samu hanyar dawowa.

Da na isa aure, samari suka gane kurensu. Duk wanda ya zo zance, kafin ya yi sallama Baffa ya riga ya kama kekensa da bugu. Akwai wani mai turare, kyakkyawa, ina son sa. Baffa ya buga keken sau uku ya miƙe.

"Noti biyu sun kwance, sarƙa ta bushe. Ɗauki abinka."

"Baba, ai Habi na zo nema, ba tseren keke ba."

"Wanda bai iya riƙe noti ba, mace zai riƙe? Hau ka tafi, a hankali, kada ya watse a ƙofar gidana."

Tanko mai gyaran fitila shi ne kekensa ya amsa da murya ɗaya, shi na aura. Baffa bai yi ƙarya ba, keke mai kyau ne. Ga shi can a soro har yau. Tanko kuwa shekararsa ashirin da ɗoriya a ƙasa.

Sai gyaɗa ta ƙare. Dala ta tafi, shanu suka koma hawa manyan motoci. Jirgi ya rage shiga reshen Baffa, daga kullum zuwa sati-sati, daga nan ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Aka sallami Baffa daga aiki, aka ce ya miƙa kayan aiki. Ya miƙa tuta, ya miƙa fitila. Da aka zo kan guduma ya ce ta ɓata, alhali tana saɓe a kafaɗarsa. Akawun ya dube shi, ya dubi gudumar, ya rubuta ta ɓata. Washegari da asuba Baffa ya sa kaki ya fita.

Gwaggo ta ce, "Malam, ina kuma za ka? An sallame ka."

Ya ce, "Ni aka sallama. An sallami layin ne?"

Kun san abin da ya biyo baya. Ciyawa ta cinye tsakuwa, masu albasa da tumatir suka baje a kan ƙarfe. Ƙarfe goma na safe, lokacin da jirgin shanu ya saba wucewa, Baffa zai hura usur ya ce a ba da hanya. Da fari suna zaginsa. Daga baya suka saba, in ya hura sai kowa ya ɗaga tirensa sama yana dariya, a ƙirga kamar goma, a ajiye. Wata mai daddawa takan ce, "Baba, yau jirgin ya cika gudu, ko ganinsa ban yi ba!" Ya ce, "Ke dai janye ƙafarki."

Sai Iliya tela ya zo ya kafa shagon langa-langa a tsakiyar layi, ƙarfe biyu suka ratsa ta ƙarƙashin keken ɗinkinsa. Da safe Baffa ya iso, ya yi sallama, ya shiga, ya ɗage tabarma, ya buga, ya saurara. Ya tsaya gaban bangon baya.

Iliya ya ce, "Baba, me kake nema?"

"Ƙofa."

"Ga ta nan inda ka shigo."

"Wannan ta shiga ce. Layi gaba ya yi, ni ma gaba zan yi."

"To ka zagaya mana!"

"Ka taɓa ganin jirgi ya zagaya?"

Ya tsaya nan, fuska a bango, har azahar. Masu kawo ɗinki suna shigowa suna ganin ƙeyar tsoho. Kwana uku ana haka. Ran na huɗu Iliya ya kira mai walda ya yanka ƙofar baya. Shago taku huɗu, ƙofa biyu! Har yau in kuka bi za ku gani.

Kowace shekara kuma, a watan azumin tsofaffi, sai ya sa a toya masa ƙosai faranti guda, ya bi layin yana rabawa. In an tambaya ya ce sadakar layi ce. Liman ya taɓa tare shi.

"Malam Sule, ƙarfe fa ba ya karɓar lada."

Ya miƙa masa uku ya ce, "Kai dai ci, Malam. Allah ya san inda zai kai."

Mun yi dariya sosai a lokacin. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Masu albasa ba su cutar da layi ba, zama kawai suka yi a kai. 'Yan gwangwan su ne suka kashe shi. Wata safiya ya iso ya tarar da giɓi, ƙarfe guda ya tafi, sai ramukan noti. Bai sha koko ba ranar. Ya bi sawun amalanke har filin da suke tara ƙarafa, tsibi ya fi gidan nan tsawo. Shugabansu ya ce, "Baba, duk ƙarfe ƙarfe ne, ta ina za ka gane naka?" Baffa ya sauke guduma daga kafaɗa. Ya hau bugu, ɗaya bayan ɗaya, tun hantsi har rana ta take. Can ya tsaya.

"Wannan ne. Na san muryarsa tun ina saurayi."

Suka fashe da dariya, suka ce tsohon nan da aljanu yake aiki. Tsoro ko kunya, oho, suka ɗora a amalanke suka mayar, har da taya shi ɗaurewa. Ya dawo gida kamar wanda ya ci yaƙi. Sati bai cika ba suka kwashe biyu.

Haka aka yi ta yi. Ya je ya karɓo ɗaya, su kwashe uku. Ƙarfinsa na raguwa, giɓi na ƙaruwa. Ya koma bin fili, inda babu ƙarfe sai ya tsallaka a hankali yana ƙirga taku, inda ya samu saura ya buga. Ni kuma lokacin na dawo gida, na binne Tanko, na binne 'ya'ya uku cikin biyar, biyun da suka rage aure ya kai su nesa. Na kafa tukunyar koko a bakin layin, nan nake sayarwa, nan nake zuba masa nasa. In ce layi fa, ya ce layi lafiya. Ina kallon ramuka yana kallon ramuka.

A wurin tukunyar nan wani tsohon falke mai goro ya zauna shan koko. Hira ta kawo hira, ya ji sunan gidanmu. Ya ce, "Ado mai rakiyar shanu? Allah sarki. Ai zazzaɓi ne ya kama shi a hanya, aka sauke shi a Jebba, bai kwana biyu ba. Da hannuna aka sa shi a rami." Ban yi kuka ba. Na ƙarasa sayar da kokona, na wanke tukunya. Na hango Baffa yana tahowa da guduma, ƙafa na ja. Na ce a raina, in na gaya wa tsohon nan, gobe me zai tashe shi daga tabarma? Na zuba masa koko. Na ce layi fa. Shekara ashirin da wani abu ina riƙe da wannan a ciki.

Da aka fara maganar sabon layi, har rediyo ana faɗa, Baffa ya wanke kaki ya sa aka yi masa guga. Ya matsa sai da Iliya ya ɗauke shi a babur zuwa bayan gari inda ake aikin. Iliya ne ya ba ni labari. Wai ya lallaɓa ya buga ƙarfen, ya daɗe yana saurare, ya ce, "Ba ya magana. A kan siminti suka kwantar da shi, sun toshe masa baki." Sannan ya kwantar da gudumar tsakanin ƙarfe biyun yana awo, don ya san nasa tsawon guduma nawa ne. Ya auna, ya sake aunawa. Ya miƙe.

"Iliya, mai da ni gida. Wannan ya fi namu faɗi."

"To ai ci gaba ne, Baba."

"Jirgin da ya tafi da Ado ba zai hau wannan ba. Ƙafafunsa ba za su kai ba."

Iliya ya ɗauko shi suka kamo hanyar gida. Ko hularsa da iska ta cire bai ce a tsaya ba.

Daminar bana ya zame a bakin kwata, ƙugu ya tafi. Ya kwanta. Lokacin duk reshen nan babu abin da ya rage sai taku huɗun da ke ƙarƙashin shagon Iliya, shi ma don akwai kwaɗo a ƙofa ne. Shagon da ya yi yaƙi da shi, shi ya tsare masa layi. Kwana biyu da kwanciyarsa ya turo min gudumar da ƙafa.

"Innata, je ki duba."

"Baffa, ni? Da jikoki?"

"Guduma ba ta tambayar jikoki. Ki shiga ta gaba, ki fita ta baya."

Na je. Tsohuwa da mayafi da guduma, kasuwa na kallo. Mai daddawa ta ce, "Af, an yi sabon direba!" Na ɗage tabarmar Iliya na buga. Ni ban san murya ɗaya ba, ban san biyu ba, ƙarfe dai ya yi ƙara. Na dawo. Yana kwance ya ce, "Layi fa?" Na ce, "Layi lafiya." Wata guda muna haka, shi ke tambaya ni ke amsawa.

Ran wata Talata bayan la'asar na dawo, ruwa ya jiƙa ni, gwiwa na ciwo. Ya ce layi fa. Ban san abin da ya hau kaina ba. Na jefar da gudumar.

Na ce, "Babu layi, Baffa. Taku huɗu ne a ƙarƙashin keken ɗinki. Babu jirgi. Baba kuma ya mutu a Jebba, tun tafiyar farko. Na gaji."

Na jira ya suma. Sai ya ce, "Wa ya gaya miki?"

"Wani mai goro."

"Yaushe?"

"Tun shekarar da na kafa tukunya."

Ya ce, "Jawo akwatin nan. Can ƙasa, ƙarƙashin kaki."

Na jawo. Hula ce mai ruwan toka, a naɗe cikin tsumma, ga ƙonewar tartsatsi a gefe.

Ya ce, "Mai gadin jirgin ne ya kawo min, sati uku da tafiyarsa."

Na zauna daɓas. Na ce, "Ƙosan azumin tsofaffi?"

"Nasa ne."

"Gwaggo ta sani?"

"Ta sani. Na rantsar da ita."

"To don me, Baffa? Shekara hamsin da ɗoriya!"

Ya ce, "Ni na roƙa masa aikin. Na dawo da hular a aljihu zan gaya miki, na tarar da ke a bakin layi da kwanon koko, kin ce layi fa. Bakina ya amsa kafin in yi shawara da shi. Na ce bari ki girma. Kika girma. Na ce bari ki yi aure. Kika yi, kika dawo kina binne mutane ɗaya bayan ɗaya. Na ce matar nan abu ɗaya ya rage mata da take jira, ni zan ƙwace? Kullum kina tambaya, na ɗauka kin yarda."

Na ce, "Ni kuma don kada ka kwanta ka mutu nake tambaya."

Ya dube ni, na dube shi. Sai ya kama dariya, irin wadda ban taɓa ji a bakinsa ba, har tari ya sarƙe shi, na tallafe shi ina bubbuga bayansa.

"Kai! Kai! Ashe ni da ke gadin ƙarfen banza muka yi ta yi wa juna. Har na sa bawan Allah ya fasa shagonsa!"

Na ce, "Ka kori mai turare kuma."

Ya ce, "Wannan kam ko yau ya dawo sai na kore shi."

Ya karɓi hular ya ɗora a ƙirji. Washegari bai ce in je in duba ba, ni ma ban ɗauki guduma ba. Na kawo koko, ya kurɓa sau biyu ya ture. Muka zauna, ba mu da abin tambayar juna. Kwana tara ya yi bayan nan. Abin da na guje wa shekara ashirin, bakina ya aikata shi a yini ɗaya. Kada kowa ya ce min kwana ne ya ƙare, na sani. Na dai san abin da na faɗa, na san kuma ranar da ya daina ci.

Ranar addu'ar uku wani ɗan gwangwan ya zo gaisuwa, ya idar da addu'a yana satar kallon gudumar a jingine. Na ce masa ya tashi tun ina ganin mutuncinsa. Iliya kuma ya tambaye ni ko ya toshe ƙofar baya. Na ce shagonsa ne. Jiya na wuce, tana nan a buɗe.

Shi ke nan abin da zan faɗa. Kakanmu ya ɗauki ƙasa a ka, ubana yana kwance a garin da ban taɓa gani ba, Baffa ya ƙare a taku huɗu. Ni ce ƙarshen layin.

Allah ka jiƙan Baffa Sule. Ka yafe masa ƙaryar da ya yi min, ka yafe min gaskiyar da na faɗa masa. Ka haɗa shi da ƙaninsa Ado, ya miƙa masa hularsa. In ya iso Siraɗi na san halinsa, sai ya tsaya ya ce a dakata ya duba. Ya Allah, gudumar tana wurina, ba shi da abin bugu. Ka kama hannunsa ka tsallakar da shi haka nan. Amin.